An riƙe direba a komisariya bayan hatsari, an ce a buge yake: da me za a fara?

Hajiya_Bukoki:
Salamu alaikum. Ƙanena ya kaɗe mai babur jiya da dare a Yamai, mutumin ya karye a ƙafa. 'Yan sanda sun ce sun ji warin giya, suna riƙe da shi da parminsa. Ba a kai shi gaban alƙali ba tukuna. Me ya kamata mu yi yau?

Malam Idi:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ba mai raunin lafiya. Ku nemi aboka yau, kada ku jira ranar shari'a. Dokar UEMOA (ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da kuɗin sefa) ta 2014 ta ba aboka damar tsaya wa mutum tun daga lokacin da aka kama shi. Tsarewar komisariya awa 48 ce, mai gabatar da ƙara na iya ƙara ta, daga nan sai parke, wato ofishin mai gabatar da ƙara a kotu. Inda ake yin ɓarna shi ne takardar bayani, wato PV. Da Faransanci ake rubuta ta, mutum ya gaji, bai yi barci ba, sai ya dangwala hannu bai san an rubuta "na sha kwalba uku" ba. A karanta masa, a fassara masa da Hausa ko Zabarmanci, ya sa a gyara abin da bai faɗa ba kafin ya sa hannu. In babu halin biyan aboka, ku je ANAJJ, hukumar agajin shari'a.

Na_Tawa:
Hajiya, ki tambaya ko an auna shi, da me, kuma ƙarfe nawa. Wari a baki shaida ce mai rauni. Na'urar busawa ta bakin hanya alama take nunawa, gwajin jini a likita shi ke ba da adadi. Lokaci kuma yana da nauyi, domin jiki na rage giya da kimanin giram 0,10 zuwa 0,15 a litar jini kowace awa. Aboka zai duba sa'ar hatsari, sa'ar ɗibar jini, wanda ya ɗiba, da ko an rufe kwalbar jinin da sunansa a kai. Amma kada a ruɗe ku: ko gwajin ya rushe, laifin jikkata mutum ba da gangan ba yana nan, kuma zanen konsta (zanen wurin hatsarin) da takardar likita ta kwanakin jinya su za su yi magana.

Malam Idi:
Na manta asiransi. A sanar da su a rubuce cikin kwana 5, a karɓi kwafi mai hatimi. A dokar CIMA, wato dokar asiransi da Nijar ke bi tare da wasu ƙasashen Afirka, maye bai hana a biya mai babur diyyarsa, gyaran motarku ne za su iya ƙi. Ku je duba mai babur ɗin a likita, ku adana rasit na duk maganin da kuka saya. Yafiyarsa ba ta tsayar da ƙarar hukuma, sai dai alƙali na iya dubawa wurin sassauci, kamar ɗaurin talala ko lamanda. In aka kai ƙanenki shari'ar gaggawa, yana iya neman a ba shi lokaci ya shirya kariya. In hukunci ya yi nauyi, kwana 10 gare ku na ɗaukaka ƙara.

Hajiya_Bukoki:
Na gode, Allah ya saka. Takardar asiransin na hannuna, na nufi komisariya yanzu.