Shawarwarin da aka bayar kan gyaran finafinan Hausa

A hirar da muka yi kan abin da ya sa finafinan yanzu ba su kai na da armashi ba, yawanci a kan labari aka tsaya. A 1990, lokacin da ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa ta fitar da fim ɗin Turmin Danya a Kano, kayan aiki kaɗan ne, amma 'yan wasan sun goge a dandali. Don gyara labari, an ce a biya marubuci haƙƙinsa, a ba shi lokaci, a daina ƙirƙirar magana a wurin ɗauka. Wannan kam na yarda da ita ɗari bisa ɗari.

An koka sosai da finafinai masu dogon zango na YouTube, inda ake jan labarin awa biyu har wata da watanni saboda kuɗin talla. Shawara: a san ƙarshen labari kafin a kunna kyamara.

Waƙa kuwa a rage, sai inda labari ya nema. Wani dattijo ya roƙi matasan daraktoci su nemo tsofaffin kaset su saurari Hausar ciki, sannan su sayi makirfo mai kyau.