Neman shawara: yaron shago a kasuwar Alaba ta Legas ya ce batir ɗaya zai riƙe min firiza har asuba

Mai tambaya, Agege:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina sayar da zoɓo da kunun aya, wutar NEPA kuma sai a hankali. Kayana firiza ɗaya, fanka 2, ƙwan fitila 4. A Alaba wani yaron shago ya rantse min inbata (na'urar da ke mayar da wutar batir irin ta gida) 1kVA da batir ɗaya 200Ah za su kwana da su. Shagon gaba kuma aka ce sai batir huɗu. Wa zan yarda da shi?

Mai aikin wuta, Idi-Araba:
Wa alaikumus salam Hajiya. Kar ki yarda da ko ɗaya tukuna. Yawancin yaran nan ciniki aka koya musu, lissafin wuta ba aikinsu ba ne, kuma abin da ke jibge a shago shi za su yaba. Ga lissafin. Batir 12V mai 200Ah na ɗauke da 2,400Wh (12 sau 200, wato wat 2,400 na awa ɗaya), amma irin mai ruwa rabinsa kawai ake ci, in ana zuƙe shi ƙarƙaf ba ya daɗewa. Saura 1,200. Inbata ma na cin nata, a ce 1,000 ya rage.

Sai ki duba takardar da ke manne a bayan kowane kaya, wat ɗinsa na rubuce. A ce firiza 150 ce, tana aiki tana hutawa, mu ɗauka 75. Fanka biyu 120, ƙwai huɗu 40. Jimla 235. Raba 1,000 da 235, awa huɗu da 'yan mintuna. Asuba ina? Awa takwas na son batir biyu a haɗe 24V, huɗun nan kuma sai in za ki ƙara kaya.

Mai gyaran firij, Mile 12:
Ƙari a kan na Malam: kwamfuresa, wato injin da ke sanyaya firiza, in za ta tashi tana fizgar ninki uku zuwa biyar na wutar da take ci. 1kVA ɗin nan wat 800 ne ko kusa, da fankoki a kai sai ta yi ƙara ta ɗauke. Nemi 2kVA, kuma a ga "pure sine wave" a jikin injin, ba a kwali kaɗai ba. Inbatar da ba irin wannan ba tana sa kwamfuresa gurnani da zafi.

Mai haɗa sola, Obalende:
Hajiya, ranar saye ki tafi da mai aikin wutarki da mitarsa, kar ki bi masu tare mutane a bakin kasuwa, kamashonsu a kuɗinki yake. A gwada batir kafin a biya: cikakke yana nuna 12.6V ko sama kaɗan, in ya gaza 12.4 ya daɗe a ajiye. A ɗora shi a sikeli, 200Ah na gaske ya haura kilo 50, domin dalma ce nauyinsa. Batiran biyu su zama kamfani ɗaya, ranar ƙira ɗaya.

Wayar batir ma a kankare bakinta da wuƙa. In fari ya fito, alminiyam ne aka shafa wa jan ƙarfe, zafi za ta yi. A rubuta lambar kowane batir da watannin garanti a rasit.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri. Na duba bayan firizar, 190W aka rubuta. Malam, batir biyun za su isa?