Na zana shafin a takarda, amma gwajin ya ƙi tafiya

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu tsara shafukan intanet, ina neman shawara.

Wata hajiya mai sayar da atamfa ta ba ni aikin shafin da za a riƙa yin oda ta waya. Kafin in taɓa kwamfuta, na zana kowane allo a kwali daidai girman fuskar waya. Mutum ya taɓa maɓalli, ni kuma in sauya masa takarda.

Na gwada da mutum 5, yadda Jakob Nielsen, masanin sauƙin amfani da shafukan intanet, ya ba da shawara tun shekarar 2000. Amma kowa sai ya ce "ai ya yi kyau", saboda kara. Wata baiwar Allah ma ta tsaya da yatsa a sama tana kallon fuskata, tana jiran in nuna mata inda kwandon saye yake. Ni ma bakina ya suɓuce, na faɗa mata.

Ga kuma jan shafi ƙasa. Na zura doguwar takarda cikin tagar kwali, sai maƙalewa take yi.

Shin in ba wani ya jagoranci gwajin, ni in kame bakina? Kuma yaya kuke yi da jan shafin?