Wane suna za mu ba bioreactor da Hausa?

1/ Salamu alaikum, malamai da ɗalibai. Kafin gardamar suna, mu fara sanin abin. Bioreactor ƙaton tanki ne na ƙarfen da ba ya tsatsa, a rufe ruf. A zuba ruwan sukari da sauran abinci, a saka bakteriya ko yis, wato ƙananan ƙwayoyi masu rai da ido ba ya gani, a riƙa hura iska, farfela na juya ruwan, na'ura na lura da zafi da tsami. Ƙwayoyin su yi ta hayayyafa suna fitar da enzayim, wato sinadarin da ke hanzarta sauya wani abu ya zama wani. A ƙarshe a tace enzayim ɗin, a raba shi da ƙwayoyin.

2/ Fitaccen misali shi ne kaimosin, enzayim mai daskarar da madara ta zama cuku. Da can daga cikin ɗan maraƙi mai shan nono ake ciro shi, kamar yadda masu cukun Nijar ke amfani da cikin ɗan akuya ko ɗan tunkiya. Sai masana suka ɗauki ƙwayar gadon da ke sa maraƙi yin kaimosin, suka dasa wa bakteriyar E. coli. A 1990 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da wanda kamfanin Pfizer ya yi ta wannan hanya. Yau galibin cukun Amurka da irin wannan kaimosin ake yin sa, ko da yake yanzu an fi amfani da yis da naman gwari.

3/ To, sunaye. An kawo "tukunyar ruɓa". Ban yarda ba. Ruɓa ɓaci ne, nan kuwa tsafta ce uwar aikin, don baƙuwar ƙwaya ɗaya na iya lalata tanki guda. Kuma wa zai sayi abincin da aka ce daga tukunyar ruɓa ya fito?

4/ "Tankin ƙwayoyin cuta" ya fi muni. Bakteriyar Bacillus subtilis, da masana'antu ke sarrafawa don samun enzayim, ita ce fa ke nunar da kalwa ta zama daddawa. Wace cuta ke cikin miyarmu?

5/ "Matsima" ya ɗan burge ni, amma tsimi jiƙawa ce a bari, ba ciyarwa, ba kulawa. "Bayoriyakta" kuwa, harshe ma sai ya harɗe, kuma bai faɗi komai ba.

6/ Nawa shi ne "tankin reno". Abu mai rai ne a ciki, ana ciyar da shi, ana kiyaye masa zafi da sanyi, ana kare shi daga baƙo har ya ba da abin da ake nema. A littafin makaranta a rubuta "tankin renon ƙwayoyi" a karon farko, daga nan a gajarta. Na san za a ce na ɗakin bincike ɗan kwalba ne mai lita ɗaya ko biyu, ba tanki ba. Wannan a kira shi "kwalbar reno".

7/ Malaman Zinder da Maraɗi, da Faransanci kuke koyar da kimiyya. In "tankin reno" bai zauna a kunnenku ba, ku kawo naku mu gwada.