In sauya katin girafik ko in sayi PS5?

Abba_Edita:
Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Sana'ata haɗa bidiyon biki da na walima a nan Kano, kuma da kwamfutar aikin nake buga gem da daddare. Tana da Core i5-9400F, RAM 16GB, katin girafik ɗin kuma GTX 1050 Ti ne mai 4GB. A gem ɗin ƙwallo na EA Sports FC 25 wannan katin shi ne mafi ƙarancin abin da suka ce a yi amfani da shi, shi ya sa wasan yake sarƙewa ko na rage komai. Na ɗan tara kuɗi bayan bukukuwan bayan Sallah, amma abu ɗaya za su saya: ko katin RTX 3060, ko na'urar gem ta PS5 (PlayStation 5) ta hannu. Zuciyata tana wajen PS5, domin abokaina duk a kanta suke bugawa. Me kuka gani?

Injiniya_Sani:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka sayi katin. Wannan kwamfutar ita ke ciyar da kai, PS5 kuwa ba za ta fitar maka da bidiyon amarya ko na minti ɗaya ba. RTX 3060 yana da 12GB, ninki uku na wanda kake da shi, kuma manhajojin haɗa bidiyo na Premiere da DaVinci Resolve duk suna jingina aiki a kansa. Ranar da mai biki ya tsaya maka a ka yana jiran filashinsa, a nan za ka ga amfanin kuɗinka.

Amma kafin ka je kasuwa, buɗe akwatin ka karanta takardar da ke jikin tukunyar wutar, wato power supply mai ba kayan kwamfutar wuta. Katinka na yanzu wat 75 kawai yake ja, yawancinsu ma ba a jona musu wata waya. Shi 3060 wat 170 yake ci, yana buƙatar waya mai rami 8, kuma Nvidia, kamfanin da ya ƙera shi, ta ce tukunyar ta kai wat 550. Idan taka ba ta kai ba, ka sa kuɗinta a lissafi tun yanzu. Kada ka saya mata irin marar suna ɗin nan don araha, ita ce ke ƙona kaya. In kuɗin sun gaza, katin RX 6600 yana nan, 8GB ne kuma wat 132.

Dan_Fagge:
Ni dai PS5 zan ce. Ka jona a talabijin, hannun bugawa biyu, abokai su cika ɗaki, babu ruwanka da saite-saite. Faifan gem kuma in ka gama sai ka yi musaya da wani, abin da ba ya yiwuwa a Steam, shagon gem na kwamfuta a intanet. GTA VI ma a PS5 da Xbox aka sanar da shi. Ka dai tabbatar mai cin faifai ce, kuma buga FC ta intanet sai da kuɗin PlayStation Plus.

Hajara_Tech:
Malam Abba, in katin na hannu ne ka yi hattara. Tun da aka daina haƙar kuɗin intanet na Ethereum da katin girafik a Satumbar 2022 aka zubo waɗanda suka sha wuya dare da rana cikin kasuwa. A kunna maka shi a shagon, a sa gem mai nauyi na rabin awa, ka lura da zafinsa da ƙarar fankokin. Wanda ya ƙi a gwada, ka bar masa kayansa. Batun abokai kuma, FC 25 yana haɗa mai kwamfuta da mai PS5 a wasa ɗaya, kuma hannun PS5 yana aiki a kwamfuta.

Abba_Edita:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yaya Sani, na buɗe na duba: wat 450 ne a rubuce, kuma akwai waya mai rami 8 guda ɗaya. Ke nan RX 6600 zai zauna a haka, ko shi ma sai na sauya tukunyar?