Kotu ta rushe kamfanin da nake bi bashi, mene ne makomar sasancinmu?

Assalamu alaikum. Lauyoyi da masana harkar kamfani, a taimaka mini da shawara.

Na sayar wa wani kamfani hannun jarina na wata masana'antar casar shinkafa. Sun biya rabi, ragowar ta maƙale, wai injinan ba su kai yadda aka faɗa musu ba. Yarjejeniyarmu ta ce duk saɓanin da ya taso a kai wa mai sasanci, ƙarƙashin dokar sasanci ta 2023. Mun kai. Zama biyu aka yi, har na biya kasona na kuɗin mai sasancin, rasit ɗin na nan cikin aljihun tebur.

Ana cikin haka Babbar Kotun Tarayya ta ba da umarnin rushe kamfanin saboda bashin banki, ta naɗa wanda zai tattara kadarorinsa. Lauyana ya ce dokar kamfanoni ta 2020 ta hana ci gaba da ƙarar kamfanin da ake rushewa sai da izinin kotu. To shin sasanci ma ƙara ce? Mai sasancin dai ya ɗage zama, shiru kake ji.

Abin da ya fi hana ni barci: ko na yi nasara, layin masu bin bashi marasa jingina zan shiga, bayan banki da ma'aikata? Tuni aka sauya sunana a rajistar masu hannun jari, gaggawata ce ta ja mini. Akwai hanyar karɓo hannun jarin da ba a biya ba, ko in haƙura in miƙa shaidar bashina ga mai tattara kadarorin?