Talo-talon daji yana amsa kirana amma ya ƙi ƙarasowa, ina neman shawara

Baban Amira: Assalamu alaikum yan uwa. Ina zaune a jihar Pensilvaniya ta Amurka, kuma bana na fara fita farautar talo-talon daji a dazukan gwamnati da aka ware wa maharba. Na yi kwas ɗin da ake wajabta wa sabon maharbi, na karɓi lasisi, na sayi akwatin kira na katako. Da asuba in na kwaikwayi kukan macen, namijin yakan amsa daga kan bishiya, ya sauko, ya taho har wajen yadi 80, sai ya toge yana ta kuka yana baza wutsiya. Ina ƙara kira yana ƙara amsawa, daga baya ya juya ya yi tafiyarsa. Abin ya dame ni ƙwarai, ga shi lokacin farautar zai ƙare a ƙarshen Mayu. Me ya kamata in canza?

Alhaji na Harisbag: Wa alaikumus salam. Ɗana, kiran ne ya yi yawa. A ɗabi'ar tsuntsun nan, namiji ne ke tsayawa ya yi kuka, mace ta bi sautin ta same shi. Kai kuwa so kake ka juya masa al'ada, shi ya zo gare ka. Duk lokacin da ka amsa masa da sauri, gaya masa kake yi cewa macen tana hanya, to me zai sa ya wahalar da ƙafarsa?

Yana kan bishiya, kira ɗaya ko biyu a hankali ya wadatar, don ya san akwai mace a wajen. In ya amsa, ajiye akwatin. Bayan ya sauko ya fara tahowa, ka riƙa kartar busasshen ganye da hannu, kamar tsuntsu na tonon abinci, ka haɗa da ɗan gajeren sauti can ƙasa-ƙasa jifa-jifa. In ya toge, yi shiru tsit na minti 20 ko 30. Wannan shirun shi ne mai wuya, domin hannu ƙaiƙayi yake yi. Amma sau da yawa a lokacin ne yake lallaɓowa ba tare da ko kuka ba, don haka bindiga ta kasance a kan gwiwa tun da wuri. Idonsa na kama motsi fiye da yadda kake zato.

Ka kuma tuna dajin na kowa ne. Filayen nan sun haura eka miliyan 1.5 a jihar, amma yawancin mutane kusa da wurin ajiye mota suke zama, kuma tsuntsayen wurin sun sha jin akwati irin naka. Ka ƙara nisa cikin dajin, ka fita ranakun aiki in da hali.

Malam Mai Tudu: Na yarda da Alhaji, amma ni wurin zamanka nake zargi. In dajin a buɗe yake, daga yadi 80 yana hango gindin bishiyar da sautin ke fitowa, bai ga mace ba, shi ke nan ya tsargu. Nemi inda ƙasa ta ɗan gantsare, ka zauna kamar yadi 30 bayan tudun, yadda ba zai ga wurin ba sai ya hawo, kuma yana hawowa ya shiga inda harsashi ke kaiwa. Kada rafi ko shinge ko sarƙaƙiya su shiga tsakaninku, ƙaramin abu kan tsayar da shi. Kuma ya fi saurin zuwa ga mai kiran da ke sama da shi ko daidai da shi a kan tudu.

Yaya Babba: Ni ban cika yarda da a yi ta shiru koyaushe ba. Da asuba matan na tare da shi, ba ya buƙatarka. Macen takan saka ƙwai 10 zuwa 12, kusan ɗaya kullum, sannan ta yi kwanci na kwana 28. Saboda haka wajen ƙarfe 9 zuwa 11 sun watse zuwa sheƙa, an bar shi shi kaɗai, maharba da yawa kuma sun koma gida. A lokacin kira mai ƙarfi da sauri yana aiki. Fara da kukan hankaka don ya amsa ka gane inda yake, ka zauna, sannan ka yi na macen. Sai dai ka lura, a makonni 2 na farkon lokacin farautar, ƙarfe 12 na rana doka ta ce a daina farauta.

Baban Amira: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Alhaji, in ya toge, ba zan iya lallaɓawa in rage tazarar ba? Kakana da kan burtu yake yi a gida, ya ɗaura a goshi ya rarrafa har ya isa ga nama.

Alhaji na Harisbag: Kul, ɗana! Ka rufa wa iyalinka asiri. A jihar nan doka ta hana bin talo-talo da sanɗa a farautar bazara, da kira kawai aka yarda, na'urar kira mai batir ma an hana. Kakanka shi kaɗai ne a dajinsa, kai kuwa wataƙila wani na zaune da bindiga yana jiran wannan tsuntsun da kake rarrafawa wajensa. Saboda haka ne ma ba na son kowa ya kwaikwayi kukan namiji a dajin gwamnati, mutane yake jawowa. Kada ka sa ja, fari ko shuɗi, launin kan namijin ke nan, haka ma baƙi. Jingina da bishiyar da ta fi kafaɗunka faɗi. In ka hango mutum na tahowa, kada ka ɗaga hannu, yi masa magana da babbar murya. Kada ka harba sai ka ga gemun da ke ƙirjin tsuntsun da idonka, kuma kada tazarar ta wuce yadi 40.

Malam Mai Tudu: Ka tafi da wuƙa mai kaifi. Ka yi bismillah lokacin harbi, in ka tarar da sauran rai a jikinsa ka yanka shi nan take. Sannan ka cike takardar shaidar da ke cikin lasisinka, ka ɗaura masa a ƙafa kafin ka ɗauke shi daga wurin.